Babi na Shida: Makokin Mai Kuntigi

Ranar Asabar, 20 ga Yunin 2015, azumi yana kwana uku a baki. Damina ta riga ta sauka a yammacin Kano, manoman Gwarzo da Kabo suna yin sammako su ci ƙarfin aikin gona tun da sanyin safiya, kafin rana ta take su koma inuwa. A wannan rana ce labari ya fito daga Jos cewa Alhaji Adamu Ɗanmaraya ya riga mu gidan gaskiya bayan ya sha jinya, yana da shekara 68.

Shi ba ɗan Gwarzo ba ne, ba kuma mutumin Kabo ba, kuma daga Jos zuwa nan tafiya ce mai cin rabin yini ko fiye. Amma da wuya a sami magidancin da ya haura arba'in a Getso ko Kutama ko Garo wanda za a kaɗa masa kuntigin Ɗanmaraya sau biyu bai ce "ai wannan mutumin Jos ne" ba. Ya shigo musu gida ta Rediyon Kaduna da ta Kano, ya zauna a rikodar mai shayi, ya hau mota da su zuwa birni ya kuma dawo da su. Shi ya sa rasuwarsa ba ta zo musu kamar labarin nesa ba. A majalisa bayan an sha ruwa, a ƙofar masallaci bayan asham, addu'ar da ake yi wa mamacin gida ita aka yi masa: Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya kyautata namu zuwan.

Bahaushe ba ya raka gawa da kiɗa. Mutumin da ya kwashe fiye da shekara hamsin yana faranta wa jama'a rai, wanka ake yi masa, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa cikin 'yan sa'o'i, daidai da yadda za a yi wa manomi ko mahauci, kuma haka ya dace. Kayan kiɗansa ba su da gurbi a zaman makoki. Wurin da ya rage a yi juyayinsa da abin da aka san shi da shi, akwatin rediyo ne, inda masu gabatar da shirye-shirye suka ɗauko tsofaffin faya-fayai suna sakawa. Ko a nan ma, da yake watan azumi ne, akwai masu ƙaunarsa da ba za su saurara da rana tsaka ba, sai an sha ruwa.

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa an yi rashin murya. Muryar kam tana nan a ajiye: tana cikin faifai, tana cikin kaset, yau tana cikin memori, kowane mai tura waƙa a bakin kasuwar Gwarzo zai zuba maka ita a waya kan kuɗi kaɗan. Abin da aka binne a Jos, wanda ba a tura shi a waya, hannu ne.

An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Bukuru garin haƙar kuza ne, wanda ya tara Hausawan da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau don neman abin kai wa bakin salati, har suka yi yawan da aka naɗa musu sarkinsu. Mahaifin Adamu makaɗin wannan Sarkin Hausawa ne. Ya rasu jim kaɗan da haihuwar yaron, uwar ma ta bi shi tun Adamu bai yi wayo ba, sai sarkin ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan da duniya ta san shi da shi ya samo asali. Jinin kiɗa ya gada, amma kuntigi ba gadonsa ya yi ba. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana matashi ya ga masu kaɗa shi, abin ya shiga ransa, ya dawo gida ya rungume shi, bai sake ajiye shi ba.

Wanda bai taɓa ganin kuntigi ido da ido ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne, irin mai ɗan tsawon nan, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka siririn itace ya zama wuya, a ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Gurmi da garaya suna da biyu, molo yana da uku, jitar Turawa tana da shida. Mai tsirkiya ɗaya ba shi da wurin ɓuya. Duk sautin da zai fitar, sai ya samo shi daga inda yatsun hagu suka danna, da ƙarfin dannawar, da saurin da hannun dama yake bugu. In ya kuskure ko da kaɗan, kowa ya ji, domin babu wata tsirkiyar da za ta rufa masa asiri.

Sannan babu 'yan amshi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da ƙungiya suke tafiya, Shata yana da makaɗan kalangu da masu karɓa masa. Jagoran irin wannan ƙungiya yana samun hutu: ya jefa ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya ja numfashi ya shirya na gaba. Ɗanmaraya shi kaɗai yake zama, don haka kuntigin ne ya zama ɗan amshinsa. Da zarar ya kai ƙarshen magana, tsirkiyar za ta ɗauka daga inda ya tsaya, ta bi hawa da saukar muryarsa har mai sauraro ya ji kamar kalmomin take maimaitawa. Idan labarin ya yi zafi sai bugun ya ƙara sauri, idan ya zo wurin nasiha sai ya lafa, wani lokaci ya tsaya cak don wata kalma ta faɗo ita kaɗai a kunne. Duk wanda ya sake sauraron faifansa da niyyar bin kiɗan kawai, ya kau da kai daga baitukan, zai gane cewa rabin hikimar waƙar a can take.

Dalilin da ya sa ya shiga ran mutanen yammacin Kano yana kan titi. Wanda zai je birni daga Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita 70 ce: ya ratsa ƙasar Kabo, ya wuce Rimin Gado da barikin Janguza, ya gifta sabon matsugunin Jami'ar Bayero, ya sauka Rijiyar Zaki ko ya zarce Kabuga. Ta ɗaya ɓangaren kuma titin ya miƙa zuwa Dayi, ya shiga ƙasar Katsina. Hanya ce ta hatsi da dabbobi da fasinja, ta rayar da direbobi da kamasho da makanikai da masu faci ba iyaka. A ƙasan wannan tsani duka akwai yaron mota, wanda shi ke lodi, shi ke ɗaure kaya, shi ke dirowa da gudu ya sa waji in an tsaya a gangare, shi ke kwana gadin mota in maigida ya tafi masauki. "Waƙar Karen Mota" tana cikin waƙoƙin farko da suka fito da Ɗanmaraya, kuma girmanta ba ya bayyana sai an tuna yadda sana'ar waƙa take tafiya a wancan zamani. Makaɗi yana wasa sarki don a ba shi riga da doki, yana wasa attajiri don a ba shi mota ko kujerar Makka. Yaron mota ba shi da abin bayarwa. Yi masa waƙa, a san da zamansa, a faɗi wahalarsa a rediyo inda maigidansa ma zai ji, wannan zaɓi ne da ba kowane mai neman abinci da waƙa zai yi ba.

Haka ya bi talakawa da sana'o'insu, ya yi "Mai Akwai da Babu", ya yi waƙar halin ɗan Adam. Lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Ya kuma wasa manya kamar kowane makaɗi, ba a ɓoye wannan ba, da shi ake cin tuwo.

A cikin gida kuwa wasu waƙoƙin ne suka fi tasiri. "Auren Dole" ta fito fili ta soki aurar da yarinya ga wanda ba ta so, a zamanin da faɗin haka a bainar jama'a ba abu ne mai sauƙi ba. "Jawabin Aure" ta jero illolin saki ta kira ma'aurata su daidaita tsakaninsu. "Gulma Wuya" kuwa wasan kwaikwayo ce sukutum a bakin mutum ɗaya: ya sake murya ya zama magulmaciya mai shiga gida-gida tana kashe aure, ya sake ya zama matar da ake hure wa kunne, ya koma mai ba da labari, kuntigi yana raba tsakaninsu. Matar da ke tsakar gida a ƙauyen Kabo, tana tankaɗe rediyo na gefenta, ta ji an faɗi abin da ke cikin ranta wanda ita ba ta da bakin faɗa. Wannan tun kafin "Turmin Danya" ya fito a 1990 ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda har yau aure da kishi da gulma su ne abincinsu.

An karrama shi yana raye. Ya karɓi lambobin girmamawa na ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya kai gwangwanin kifinsa ƙasashen waje. Ta wannan fuska babu wanda zai ce an yi masa rowa.

Wata 16 kafin rasuwarsa, wata ƙasa mai nisa ta yi irin wannan rashi, kuma duba yadda ta yi nata makokin yana taimakawa wajen gane namu. Ranar 25 ga Fabrairun 2014, Paco de Lucía ya rasu sakamakon bugun zuciya a Playa del Carmen da ke Meziko, yana da shekara 66. Sa'an Ɗanmaraya ne, shekara ɗaya ce tsakaninsu, domin a watan Disamban 1947 aka haife shi a Algeciras, garin bakin teku a kudancin Sifaniya, ƙasar Andalus ta littattafan tarihi, inda ake hango gaɓar Maroko. Kiɗan da ya tashi a ciki, filamenko, ba na masu hali ba ne. Kiɗan talakawan Andalus ne da ƙabilar Gitano da aka daɗe ana ƙyama, ana yin sa a mashaya da wuraren shagalin masu kuɗi, inda makaɗi zai kwana yana kiɗa ya jira abin da aka ga damar ba shi da asuba. Mahaifinsa, Antonio Sánchez, da irin wannan kiɗan dare yake cika wa iyalinsa tukunya, kuma shi ya tsare yaron a ɗaki yana maimaita bugun jita sa'o'i masu yawa kullum. A cikin filamenkon ma mai jita a baya yake, aikinsa ya raka mawaƙi ko mai rawa.

Paco ne ya ja kujerar zuwa gaba. Ya yi jerin faya-fayai da mawaƙi Camarón de la Isla tun daga 1969. A 1973 ya fitar da "Entre dos aguas", kiɗa zalla babu ko kalma ɗaya, ta shiga kowane gida a ƙasar. A 1975 ya kaɗa a Teatro Real na Madrid, zauren da ake ganin na manyan makaɗan Turai ne kawai. Ya zauna da makaɗan jaz irin su John McLaughlin da Al Di Meola, ya kuma shigo da wani akwatin katako da ake bugawa daga ƙasar Peru, wanda yau ake ganinsa kamar da shi aka haifi filamenko. 'Yan mazan jiya sun zarge shi da ɓata gado, bai fasa ba. A 2004 aka ba shi lambar Yariman Asturias, a 2010 kuma UNESCO ta sa filamenko cikin jerin al'adun da duniya za ta adana.

Da ya rasu, garinsu ya ayyana zaman makoki, aka ajiye gawarsa a babban zauren kiɗa na ƙasa a Madrid jama'a suka yi layi, sannan aka kai shi Algeciras aka binne. A 2015 aka buɗe tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Madrid mai ɗauke da sunansa. Wannan duk al'adarsu ce, ba tamu ba, kuma babu mai neman a kwaikwaye ta. Abin dubawa yana wani wajen. Ranar da aka binne Paco, akwai dubban mutane a duniya da suka san yadda yake ɗora yatsunsa. An rubuta kiɗansa a takarda sauti bayan sauti, an ɗauki hannunsa a bidiyo daga kusa, makarantar koyon kiɗa ta birnin Kurɗuba tana ba da digiri a kan jitar filamenko, a Jerez akwai cibiyar da aikinta kawai adana kayan tarihin wannan kiɗa. Makaɗa irin su Tomatito da Vicente Amigo sun tashi a inuwarsa sun zama manya da kansu. Shi da kansa da kunne ya koya, kamar Ɗanmaraya, ya daɗe bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Wasu ne suka zauna suka rubuta masa.

Me ya hana a yi wa kuntigi haka? Talauci yana cikin amsar, amma ba shi ne babba ba, tunda kuntigi kusan kyauta ake haɗa shi. Babban dalili shi ne matsayin makaɗi a idon Bahaushe. Tun a 1957 masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi rubutu kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda al'umma take buƙatar maroƙi a kowane biki da naɗi, amma ta ajiye shi a ƙasan jerin sana'o'i. Har yau wannan bai gushe ba. Dattijon da zai tsayar da hira don a saurari Ɗanmaraya, ya ce "ku ji gaskiya, wannan ai wa'azi ne", shi ne kuma zai karya gwangwanin in ya ga ɗansa ya ɗaura masa waya yana bugawa a zaure. In saurayi ya zo neman 'yarsa aka ce makaɗi ne, zancen ya ƙare tun a soro. Ba munafunci ba ne, tsoro ne na gaske: tsoron yawon duniya, tsoron a kira ɗanka maroƙi, tsoron abin da zai tarar a lahira.

Kayan kiɗa masu tsirkiya sun fi kowanne shan wannan zargi. Ganga tana da fada, tana da gayya, tana da tashe. Goge da garaya kuwa an san su da bori, har ake cewa goge kan bidi'a, kuma a yammacin Kano, inda garuruwan Maguzawa suka daɗe maƙwabtan Musulmi, mutane sun san wannan alaƙa da idonsu, ba labari aka ba su ba. Kukuma ta yi suna a gidajen magajiya da kulob. Kuntigi bai da ruwa da bori, amma ɗan dangi ne, laifin dangi ya shafe shi. Malamai sun daɗe suna da maganganu a kan halaccin irin waɗannan kayan kiɗa, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000 wurare da yawa da makaɗan suke samun abinci sun rufe. Wannan littafi ba wurin yanke hukunci kan mas'alar fiƙihu ba ne. Abin da ido ya gani dai shi ne, an ci gaba da sauraron tsofaffin faya-fayai cikin ƙauna, an kuma daina haihuwar masu yin sababbi.

Masana ma, da suka fi kowa yi wa waƙar baka hidima, ɓangare ɗaya suka fi kamawa. A kan wannan titi na Gwarzo Jami'ar Bayero take, inda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa, ya rubuta "Makaɗa da Mawaƙan Hausa", ya kuma shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ɗalibai suke bi. Aiki ne da ba a biyansa, ba don shi da takwarorinsa na Zariya da Sakkwato ba da tarihin makaɗa da yawa ya bi iska. Amma nazarin a sashen harshe ya girma, don haka idonsa a kan kalma yake: jigo, salo, zubi da tsari, adon harshe. Ɗalibi zai rubuta kundin digiri a kan falsafar Ɗanmaraya, ya juye baitukansa a takarda ɗaya bayan ɗaya, ya kammala ba tare da ya taɓa riƙe kuntigi ba. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kayan kiɗan Hausa a 1971, suka bayyana sunayensu da ƙirarsu da wuraren da ake kaɗa su. Littafin da zai ce wa yaro ga yadda ake ɗaure tsirkiya, ga inda ake sa yatsa, ga bugun da Ɗanmaraya yake buɗe waƙa da shi, wannan da wuya a same shi a kantin littattafai na Kano.

Sai kuma fiyano ta zo. Daga shekarun 1990, situdiyoyin Kano suka gano cewa na'ura ɗaya za ta iya kwaikwayon kalangu da sarewa da goge, mutum ɗaya ya haɗa kiɗan fim a yini guda. Bai kamata a raina wannan ba, domin ya ciyar da dubban matasa, ya kuma fito da mawaƙa masu basira ta gaske. Har ma ya sauƙaƙa wa iyaye, tunda mai zama gaban kwamfuta ba a kiransa maroƙi. Amma ya kwashe kasuwar. Bikin da a da za a ɗauko mai kukuma ko mai gurmi a Kabo, yau lasifika biyu da janareta da mai saka waƙa sun wadatar, kuma sun fi arha. Fiyano tana ba da sautin da aka riga aka yanka masa iyaka. Ɗan jan nan da tsirkiya take yi tsakanin sauti da sauti, wanda ke bin lanƙwasar maganar Hausa, yatsa ne kaɗai ke fitar da shi yadda ya kamata.

Ba a ce komai ya ƙare ba. Ibrahim Nahabu da Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam sun ɗaga kukuma, Haruna Uji ya ɗaga gurmi daga Haɗeja, kuma a gidan Garba Supa an sami magaji, ɗansa Nasiru, wanda ya ci gaba da goga kukuma a Kano. Kuntigi ma yana da masu riƙe da shi, irin su Babangida Kakadawa. A karkara, in kaka ta yi aka gama girbi, har yanzu akan ji gurmi a filin kokawa, mafarauta kuma ba su rabu da garayarsu ba. Sai dai yawancin masu yi sun manyanta, kuma gado ta hanyar jini kaɗai siririn zare ne: in ɗan bai so ba, ko aka hana shi, shi ke nan. Abin takaicin shi ne kayan aikin adanawa suna aljihun kowa. A duk filin wasa samari suna ɗaga waya suna ɗaukar 'yan kokawa, kaɗan ne suke juya ta wajen hannun hagun makaɗin.

Akwai misalin abin da za a iya yi, kuma ba a Turai yake ba, a Nijar yake. Malam Mamman Barka, wanda masu sauraron rediyo a arewacin Nijeriya suka sani da gurminsa da waƙoƙinsa na Hausa, ɗan ƙabilar Tubu ne daga Tesker, kuma malamin makaranta ne kafin kiɗa ya ɗauke shi. Ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, wadda aka kafa don koyarwa da adana kiɗan ƙasar. Ya sami labarin biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar mai ƙirar kwalekwale na masuntan Buduma a tafkin Chadi, wanda a lokacin tsoho ɗaya ne aka sani ya rage da ya ƙware a kansa, mai suna Boukar Tar. A 2002 UNESCO ta ba Barka tallafi, ya bar Yamai, shi da ya riga ya yi suna a ƙasa baki ɗaya, ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon a matsayin almajiri. Ya koyi ɗaurin, ya koyi bugun, ya koyi waƙoƙin da ke tafiya da su. Tsohon bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Barka ya fita da biram zuwa manyan tarukan kiɗa na Turai, ya naɗi faifai da shi a 2009 tare da makaɗin ganga Oumarou Adamou, ya ci gaba da kaɗa shi har zuwa rasuwarsa a Yamai ranar 21 ga Nuwamban 2018.